Hoton Inna Babu Tsaga

Taubashina ya dawo Bagudo da akwatin hoto a shekarar da kowa ke maganar 'yancin kai. Ɗan yayan Inna ne, wato ɗan kawuna da ya rasu, kuma tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa mun rabu ba tare da an tsokani juna ba. Shi yana ce mini baiwar gidansu, ni ina ce masa mai kunnuwan faifai. Haka taubasantaka take a wurinmu. Abin da ba wanda zai iya faɗa maka a fuska, taubashi zai faɗa, a yi dariya, kowa ya kama gabansa.

Ya daɗe a Yelwa wurin wani mutumin kudu mai shagon hoto, a nan ya koyi aikin. Ya dawo da wando mai kari da keke da wannan akwati na katako mai ƙafa uku, da baƙin ƙyalle da yake cusa kansa a ciki. Ranar kasuwar Zagga yana Zagga, ranar ta Kaoje yana Kaoje, wani lokaci har Dole Kaina yake kaiwa. Sai ya rataye labule mai zanen bene a jikin bishiya, ya ajiye kujera, ya ce wa mutum kada ya motsa ko ƙuda ne ya sauka masa a hanci.

Mutane suka yi ta zuwa. Malaman makaranta da 'yan doka da samari masu neman aure, har da dattawa da suka ce su ma a ɗauke su tunda ƙasa ta zama tamu. Duk wanda ya karɓi nasa sai ya duba, ya ce ya yi kyau, Allah ya ƙara basira. Mutanenmu ba sa kushe aikin mutum a gabansa, ko da rigar da tela ya ɗinka ta ƙi shiga wuya. Amma ni mai yawan sa ido ce, na lura dattawan nan suna jefa hoton a aljihu su tafi, ba sa nuna wa kowa, ba sa kuma dawowa.

Na gane dalilin ranar da na kai masa fura a zaurensa na same shi yana aiki. Hoto yana fitowa sau biyu ne. Na farko a juye yake, baƙi ya zama fari, fari ya zama baƙi, daga shi ake ɗaukar na biyu wanda ake ba mai shi. To a kan na farkon nan taubashina yake duƙufa da fensir mai tsinin allura, yana bin fuskar mutum a hankali yana cike duk wani layi. Tamoji ya tafi, tabo ya tafi, tsagar gado ma ta tafi. Bakabe da Bazabarme da Bafillace duk su fito da kunci sumul kamar bayan sabuwar ƙwarya.

Na ce masa ashe duk mutanen kasuwar Zagga uwa ɗaya ta haife su. Ya yi dariya har fensir ya faɗi, ya ce baiwa ba ta san zamani ba. Ya ce haka maigidansa na Yelwa ya koya masa, haka akawuna suke so, kuma yanzu ba sauran wane Bakabe wane Badakkare, kowa ɗan Nijeriya ne. Shi kansa yana da tsagar gidansu raɗau a kunci, amma hotonsa da ya manna a bangon zaure babu ko ɗigo. Na ce wannan yaron na bango ya fi shi kyau, ya ba ni shi in aura. Muka yi dariya na ɗauki ƙwaryata na tafi. A lokacin abin bai dame ni ba, don ba fuskar kowa nawa ba ce.

Inna tana da ƙane da ya ɓace mata tun suna yara. A wata shekarar yunwa, lokacin suna Kaoje, babansu ya ba da shi riƙo wurin wani abokinsa falke, kafin abubuwa su yi sauƙi. Falken ya ƙetara da shi wajen Dahome, ruwa kuma ya ci gonakin su Inna suka taso Bagudo, daga nan labari ya yanke. Inna ce ta goye shi. Takan ce idan yana bayanta sai ya zagayo da hannu ya ɗora yatsa a kan billen da ke gefen hancinta, ya riƙe har barci ya ɗauke shi. Tsagarsu irin ta Kabawa ce, layuka daga gefen baki zuwa kunne, amma gidansu ana ƙara wannan bille a hagu. Ba ta cika maganarsa ba, sai dai duk baƙon da aka ce daga ƙetare yake, sai ta sa an kira mata shi ta dubi fuskarsa.

Damina ta fara faɗuwa ke nan wata mata daga Dandi mai fataucin banda ta shigo gidanmu sayar da kifi. Ta dubi Inna, ta sake dubanta, ta ajiye kwandonta. Ta ce akwai wani dattijo a wani ƙauye bayan iyaka mai irin wannan tsagar har da billen, manomi ne, kuma yakan tambayi fatake ko sun san mutanen bakin kogin Kwara masu noman shinkafa. Bai san sunan garinsu ba, yana ƙarami ya bar shi. Ta ce ya taɓa bin irin wannan labari ya yi doguwar tafiya ya tarar ba danginsa ba ne, tun daga nan ya rantse ba zai sake barin gonarsa ba sai ya ga alama.

Inna ba ta iya tafiya. Ƙafafunta sun kumbura, daga ɗaki zuwa inuwar tsakar gida sai an riƙe ta. Ni kuwa ina da goyo, mijina kuma yana fadama. Mai bandar ce ta kawo shawarar hoto, ta ce za ta sake ƙetarawa ba da jimawa ba, sai ta kai masa.

Inna ta yi wanka, ta sa tozali, ta ɗaura zanen saƙi da take ajiya a ƙasan adaka. Taubashina ya zaunar da ita a gaban labulen benen nan. Ban taɓa ganin ta zauna shiru haka ba. Da ya kawo hoton kashegari na karɓa kafin kowa, na ga wata mace kyakkyawa mai idon Inna da zanen Inna, kuncinta ba ko layi ɗaya.

Na ce masa wannan wace amarya ce ya kawo mana, ina ya kai uwata. Da bakin tsokana na faɗa, don ban san wani baki da zan yi masa magana da shi ba. Ya ce hassada ce ke cina saboda goggonsa ta fi ni kyau. Na ce da gaske nake, ya mayar mata da tsagarta. Ya ce shi ma da gaske yake, in kawo fuskata ya gyara mini kyauta. Mata suka kwashe da dariya. Inna ta kai hoton kusa da idonta ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ya yi kyau, Allah ya yi masa albarka. Aka naɗe shi a ƙyalle aka ba mai banda.

Abin da taubasantaka ta jawo mini ke nan. Ni kaɗai a dangi nake da izinin faɗa masa gaskiya, kuma ni kaɗai ce ba zai taɓa ɗaukar maganata da muhimmanci ba.

Na kasa zaune na kasa tsaye a kwanakin nan. Tuwo ya ƙone mini, na yi wa yara faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. In na ji sallama sai in fito da gudu in tarar mai sayar da itace ne. Inna kuwa ta sa aka share ɗakin baƙi, aka shimfiɗa sabuwar tabarma, ta hana a yanka zakaranta ta ce na ƙanenta ne. Ga jita-jita tana yawo a kasuwa cewa tunda su ma na Dahome sun karɓi ƙasarsu, za a fara tsare mutane a iyaka ana neman takarda. Ko gaskiya ne ko ƙarya ba wanda ya sani, amma ni kowane irin labari sai ya dame ni.

Mai banda ta dawo ita kaɗai. Ta ja ni bayan rumbu ta ciro ƙyallen daga kwando, ta ce dattijon ya karɓa da hannu biyu, ya fita da shi haske, ya duba ya duba, sannan ya miƙo mata.

"Ya ce mace ta kirki ta, Allah shi ba ta lahiya," in ji ta. "Amma wagga ba ta gidanmu ba ta. Ya ce kar in ƙara kawo mai irin wanga zance."

Ta ce ta yi masa rantsuwa ta ga tsagar da idonta, ya ce ita ta gani, shi kuwa ga abin da aka aiko masa.

Inna ta ji, don ba a ɓoye mata komai a gidan nan. Ba ta yi kuka ba. Ta karɓi hoton ta sa a ƙarƙashin filo, ta ce Allah bai nufa ba. Na ce a kira mai hoton ya sake ɗauka yanzun nan. Ta ce kul. Ta ce yaron nan maraya ne, shi kaɗai yayanta ya bari, sana'ar nan ita ce mutuncinsa, ba za a ce goggonsa ce ta fara kushe shi ba. Mijina ma ya ce in bar maganar, tunda mai abin ta haƙura. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ga za a bar mutum biyu su mutu ba su ga juna ba don kada ran mutum ɗaya ya sosu.

Na yi ta juya yadda zan faɗa masa ya ji. In na je da faɗa zai ce wasa ne ya yi zafi. In na je da kuka zai ce sabon salon tsokana ne. Ina daka ina tunani, ina wanki ina tunani, har na ga hanya ɗaya ce ta rage, kuma ba ta yi mini daɗi ba.

Da hantsi na yafa mayafi na tafi zaurensa. Na yi sallama na jira ya amsa, abin da ban taɓa yi ba. Na cire takalma na durƙusa a bakin ƙofa kamar yadda ake durƙusa wa manya, na ce, "Yaya, ina kwana."

Ya ajiye fensir. Fuskarsa ta canza.

"Wa yam mutu?"

Na ce ba wanda ya mutu, magana ce na zo da ita, kuma ina roƙon ya bari in kai ƙarshe. Na fara da abin da yake gaskiya ne, don ban zo in rusa shi ba. Na ce a hoton nan ya kama idon Inna yadda take kallon mutum idan tana jiran amsa, ya kama yadda take ɗora hannu a gwiwa, kuma duk ƙasar nan ba mai idon da zai ga wannan sai shi. Sannan na ce amma ya share abin da aka yi hoton dominsa.

Ya fara kare kansa da zafi. Ya ce mutane da kansu suke roƙonsa ya gyara su, ya ce ba wanda ya taɓa dawo masa da hoto, ya ce ni da ban taɓa leƙa cikin akwati ba zan koya masa aiki. Na bar shi ya gama, ko da yake harshena yana ƙaiƙayi. Na tambaye shi dattawa nawa ne suka dawo a sake ɗaukarsu, ko suka turo 'ya'yansu. Sai na faɗi abin da Inna ta hana.

"Bappanka ya ga hoton. Ya ce ba ta gidansu ba ta. Hoton na nan ƙarƙashin hilon Inna."

Ya kai hannu kuncinsa, ban sani ba ko ya san ya yi. Ya daɗe yana kallon hotonsa na bango.

"Kin ƙare?"

"Na ƙare."

"To tashi ki tai."

Ban ji daɗin nasara ba ko kaɗan. Na fito ina jin na fasa wani abu da muka taso da shi tun muna tsirara. Ya daina zuwa gidanmu. In mun haɗu a hanya sai ya gaishe ni da ladabi, ni kuwa da ya zage ni ya fi mini sauƙi. Inna ta gane abin da na yi, ta daina karɓar koko daga hannuna sai dai ƙanwata ta ba ta. Ruwa kuma yana ta sauka, ana cewa rafukan hanyar iyaka sun fara kawowa. Na fara tunanin ko na ɓata biyu ne ban gyara ko ɗaya ba.

Daga baya na ji abin da ya yi a kwanakin. Ya je Zagga bai kafa akwati ba, ya nemi wani dattijo mai sayar da igiya da ya taɓa ɗauka, ya zauna kusa da shi ya roƙe shi don Allah ya gaya masa gaskiyar hotonsa. Dattijon ya yi ta kwana-kwana yana yabo, da ya ga ba zai tashi ba sai ya ce hoton ya yi kyau ƙwarai, sai dai bai san mai shi ba, shi ya sa bai nuna wa iyali ba.

Wata safiya bayan an ɗauke ruwa sai ga shi da akwati a kafaɗa, ba labule. Ya durƙusa ya gaida Inna ya ce hoton farko bai yi ba, laifinsa ne, yana so ya sake. Inna ta harare ni, ta ce a ɗauko mata zanen. Bai zaunar da ita tana fuskantar rana ba kamar da. Ya sa kujera a bakin ƙofar ɗaki ya karkata ta, yadda haske zai zo daga gefe ya kwanta a kuncinta. Ya yi aikinsa a nan tsakar gida, bai ciro fensir ba. Hoton yana jiƙe ya wuce kowa ya miƙo mini.

"Duba. Hwaɗi abin da kig gani."

Tsagar ta fito layi-layi har kunne, tamojin goshi ma ya fito. Amma inuwar hanci ta faɗa daidai kan billen ta cinye shi. Mata suka fara cewa ya yi kyau. Na so in bi su, wallahi, don na gaji da zama mai baƙin baki. Na daure na ce dama ta yi, hagu ce ba ta yi ba, billen ya shige inuwa, kuma shi ne abin da dattijon zai nema. Ya karɓa ya duba. Ya juya kujerar, ya sa ƙanwata ta riƙe farin zane a gefe don ya mayar da haske, ya sake cusa kansa a baƙin ƙyalle. Inna tana ta mita cewa mun mayar da ita abin wasa.

Na biyun da ya fito na karɓa na kalla. Uwata ce, da tsufanta da gajiyarta da taurin kanta, billen yana zaune a gefen hanci kamar a taɓa. Na ce ya yi. Ya ce in sake dubawa, kada in ji tausayinsa. Na ce yaushe na taɓa jin tausayin mai kunnuwan faifai. Bai yi dariya ba, amma gefen bakinsa ya motsa.

Bai jira mai banda ba. Ya tambayi kwatance, ya naɗe hoton a fatar da ruwa ba zai taɓa ba, ya ɗaura a ƙirji ya hau keke. Muka koma jira, wannan karon mu biyu. Inna ta sa aka mayar da kujerarta inda take hango ƙofar gida. Ba ta ce ta yafe mini ba, amma ta koma karɓar koko daga hannuna. Duk hadarin da ya taso daga yamma sai mu dube shi tare.

Abin da ya faru a can shi ya ba mu labari daga baya. Ya ce ya sami dattijon a gona yana noma, da jin abin da ya kawo shi ya juya masa baya. Sai ya buɗe fatar ya riƙe hoton kusa da fuskarsa, ya ce Bappa dubi nan, ka dube ni. Dattijon ya goge hannu a riga, ya dubi hoton, ya dubi kuncin yaron, ya ɗora yatsa a kan billen hoton ya bar shi a nan. Daga nan ya jingine fartanya ya nufi gida neman takalmansa.

Wata rana da la'asar suka iso su biyu, keke a hannu saboda taɓo, laka har gwiwa. Wani dogon tsoho ya tsaya a tsakar gidanmu yana kallon mata ɗaya bayan ɗaya. Inna ta yunƙura za ta tashi ƙafa ta ƙi. Ta kira shi da wani suna da ban taɓa jin ya fito daga bakinta ba. Ya tako ya durƙusa a gabanta, ya rasa Hausar da zai gaishe ta da ita, don bakinsa ya koma yaren Dandi. Sai ya ɗaga hannu a hankali ya ɗora yatsa a gefen hancinta na hagu. Inna ta kama hannun ta riƙe shi a wurin.